Tulun da Yaya Ke Ɗaukar Murya

Ni ba mai yawo ba ce. In ka cire coci da kasuwar Sabon Gari da gidan suna ko gaisuwar rasuwa, to a tsakar gidana za ka same ni a Chikaji, ko ina tsince shinkafa ko ina surutu da duk wanda Allah ya kawo. Ƙafata dai ba ta zuwa ko'ina, amma kunnena ba ya zama. Daga inda nake zaune nakan san injin niƙan bayan gidanmu ya kusa tsinka bel tun kafin mai injin ya sani. Ina rarrabe babur ɗin kowane magidanci a layinmu. In ana tara ruwa a bokiti ba sai na leƙa ba, ƙarar ce ke gaya mini ya kai wuya.

Makaranta a aji huɗu na tsaya, saboda haka ɗan Turancin da nake da shi ta taga ya shigo mini. Sabon Gari kuwa ba a rasa Turanci, iri-iri ma. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na kiɗa da waƙa. Wata maƙwabciyarmu 'yar kudu, in 'ya'yanta suka ishe ta, sai ta ce za ta yi musu "saun", kafin ka ƙifta ido ka ji tas a kumatu. Ranar Lahadi kuma mai kula da lasifika a coci ya riƙa kai da kawo yana cewa saun bai fita ba. Na tambayi maigidana, wanda ya daɗe yana aikin walda a nan Chikaji kuma ya fi ni karatu. Ya ce a littafi kalmar sauti take nufi, kowane irin sauti, marin kuwa 'yan gari ne suka lanƙaya mata. Na ce to ai ba su yi ƙarya ba, marin matar nan har ɗakina yake isowa. Haka "jam". 'Yata ta ji waƙa a rediyo ta ce wannan jam ce, wato ta yi daɗi. Da yamma aka ce wani mai babur ya yi jam da akuya a bakin titi. Mai kaɗa wa matasa ganga a coci kuma ya ce su a wurinsu jam shi ne makaɗa su zauna su yi ta kiɗa ba shiri, kowa na bin kowa. Ina tara irin waɗannan kalmomi yadda wasu mata ke tara kwanuka a kabad. Ban taɓa zaton wata rana ɗaya daga cikinsu za ta shigo har cikin danginmu ta hana mutum cin abinci ba.

A zumuntar mata ta cocinmu ni ce mai buga tulu. Babban tulu ne na yumɓu, in na zauna a kujera bakinsa ya ɗan wuce gwiwata. Ana buga bakin da wani faffaɗan soso da aka ɗinke cikin tsumma, sai ya amsa da wata ƙara mai kauri da kake ji a ƙirji kafin ka ji ta a kunne. Surukata, uwar maigidana da muke ce wa Inna, ita ta gina shi da hannunta a ƙauyensu da ke gefen Zariya. Maginiyar tukwane ce tun kafin gidansu su fara zuwa coci. Da ta rasu tulun ya dawo hannuna, tunda ni ce kullum a gida. Yana kusurwar ɗakina, na kife masa faifai a baki kada gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Mai ba mu waƙa kuwa Yaya ce, babbar yayar maigidana, tana zaune a Palladan. Ta haura saba'in. Yawancin waƙoƙin da muke yi ita ta tsara su da kanta, wasu tana surfe, wasu tana jinyar mijinta. Har yau Amarya take kirana, ko da yake ina da jikoki. Yadda muke fara waƙa ba ya canzawa. Zan buga tulu sau uku a hankali, Yaya ta ɗan yi "mmm" can ƙasan maƙogwaro, sannan ta ɗaga waƙa, mu karɓa. Dukanmu mun ɗauka bugun ukun nan don mata su yi shiru ne, don kun san mu da surutu. Ni da nake bugawa ma haka na ɗauka, shekara da shekaru.

Sai ɗan Yaya na fari ya ce bayan Kirsimeti zai tafi da ita can garin da yake aiki, don ƙafa ta fara damunta kuma ba mai zama da ita. Uwar zumunta, wato shugabarmu, ta ce kafin nan lallai a ɗauki waƙoƙin nan a situdiyo, su shiga waya, tunda babu inda aka rubuta su sai a kan Yaya. 'Yata ce ta samo wurin. A Samaru yake, inda take aure, ta yi jami'a, tana koyarwa a firamare, kuma ba ta daɗe da shiga zumunta ba. Murya gare ta, ba don ni na haife ta ba.

Mai situdiyon magidanci ne ɗan kudancin Kaduna, gemunsa ya fara furfura, mai haƙuri da ladabi. Tun kafin mu je ya karɓi waƙoƙinmu da aka ɗauka da waya a coci, ya saurara, ya shirya musu kiɗa da kibod, wato fiyanon lantarki. Ya aiko cewa mu zo da caki da ƙaramar ganga, amma kada mu wahalar da kanmu da tulu, ɗakin a saman bene yake, matakalar kuma siririya ce. Ya ce yana da "bes" a na'ura. Na tambayi 'yata mene ne bes. Ta ce ita ce ƙara mai kauri ta ƙasa, irin wadda ke girgiza gilashin motar samari. Na ce to ai tuluna ke nan. Ta ce, "Shi ne, Mama, sai dai wannan ba ya fashewa." Ban ji daɗi ba, amma na haƙura, don ni ma ina tsoron matakalar.

Muka je da safe cikin ankonmu, mu goma sha biyu. Ɗakin an manne bangonsa da soso ko'ina, in ka yi magana sai ka ji kamar an kama muryarka an sa a aljihu. Na tafa hannu don in ji, tafin ya mutu nan take. Na ce, "Malam, wannan ɗakin naka kurma ne?" Ya yi dariya ya ce da gangan aka kurmantar da shi. Aka fara da masu amshi. Ya kunna kiɗan, muka bi, bai sha wahala da mu ba. Sai aka zo kan Yaya. Aka shigar da ita wani ɗan ƙaramin ɗaki mai gilashi, aka ɗora mata abin saurare a kunne bisa ɗankwali, aka tsayar da ita gaban makirfo.

Ta ɗaga waƙa. Ni dai a kunnena muryarta ce ta kullum, ba abin da ya ragu. Amma da ta haɗu da kiɗan sai na ji wani abu na tsikarina, kamar in ka tauna tsakuwa a cikin wake. Malam ya tsayar, aka sake. Ya tsayar, aka sake. A na biyar ya cire abin kunnensa ya ce, "Mama, ki ɗan ɗaga kaɗan, kina filat."

Yaya ta ce ta cikin gilashi, "Ina me?"

"Ki ɗan hau sama kaɗan, Mama."

Ta ƙara ƙarfi. Ya ce ba ƙarfi yake nufi ba. Aka yi ta yi har rana ta take, maƙogwaronta ya bushe, mata suka fara duba waya suna zancen girki. Daga ƙarshe, don a huta, ya ce ko akwai wadda za ta gwada baitin farko ya ji. Mata suka tura 'yata. Ta shiga, ta yi sau ɗaya, muryarta ta zauna a kan kiɗan daram kamar murfi a kan tukunyarsa. Har tafi aka yi. Ni kaina sai da zuciyata ta yi fari, ba zan ɓoye ba. Da na waiga sai na ga Yaya tana ɗaure bakin jakarta.

Malam ya ja uwar zumunta gefe, amma kunnena ya bi su. Ya ce shi ba ya son ɓata wa dattijuwa rai, amma murya takan gaji in shekaru sun ja. Shawararsa, yarinyar ta ba da waƙa, Mama ta shiga cikin masu amshi. Uwar zumunta ta ce za a yi tunani, a dawo mako mai zuwa.

A cikin mota muna komawa Yaya ta tambayi 'yata, da ta biyo mu rakiya, "Ke 'yar boko, mene ne wannan filat ɗin da ya yi ta jifana da shi?"

'Yata ta yi ta kame-kame. Wata daga kujerar baya, mai saurin baki, ta ce ai 'ya'yanta na faɗin haka in lemon kwalba ya kwana a buɗe, gas ya fice. Wata ta ce tayar da ta sace ma haka ake ce mata. 'Yata ta ce, "A'a Gwaggo, ba haka yake nufi ba." Yaya ta ce, "Bar su, na gane. Na kwana a buɗe." Ta sauka a Palladan ba ta ko ce mu gaida gida ba. Bayan kwana biyu ta aiko mini da zanen zumuntarta a ninke cikin leda, wai in ba wadda ba ta da shi. Maigidana ya je duba ta ya dawo ya ce tuwon jiya na nan a rufe ba ta taɓa ba.

Ni kuma kalmar ta tsaya mini. Fassarar lemo da taya ban yarda da ita ba, don mutumin nan bai yi kama da mai zagin tsohuwa ba. Ranar Laraba na ɗauki mayafi na ce wa maigidana zan je Samaru. Ya dube ni ya ce, "Ke? Ba coci, ba rasuwa?" Na ce tambaya zan je yi.

Na samu Malam shi kaɗai yana cin gyaɗa. Na ce, "Malam, ni ban yi karatu ba, amma ina son in san abu daga tushensa. Filat ɗin nan taku ta makaɗa, mece ce?"

Ya ji daɗin tambayar, har ya jawo mini kujera. Ya ce kowane sauti yana da mazauninsa, kamar matakalar bene. Ya danna kibod ɗaya bayan ɗaya, na ji suna hawa. Ya ce in murya ta nufi wata matakala ta tsaya ƙasa da ita kaɗan, ita ce filat. In ta zarce sama kaɗan, sai su ce "shaf". Na ce ikon Allah, shaf ɗin da ake ce wa yaro mai wayo, da wadda masu abinci ke cewa in suna so a yi sauri? Ya ce ita ce, amma a wurin mawaƙa ba yabo ba ce, kuskure ne kamar 'yar'uwarta. Na ce ashe a nan wayo ma laifi ne.

Sai ya ce, "Mama, zo ki ga wani abu da ya hana ni sakewa." Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini layi biyu masu lanƙwasa, ya ce na sama kiɗan ne, na ƙasa muryar Yaya. Ya ce shi ya ɗauki tsofaffi da yawa. Muryar da ta gaji rawa take yi, nan ta faɗi, can ta haura, ta kama ta saki. Amma dubi wannan. Na duba. Duk inda na sama ya hau, na ƙasa ya hau. Duk inda ya sauka, ya sauka. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, tun daga farko har ƙarshe, kamar ƙarafan layin dogo na Sabon Gari. Ya ce sau tara ta yi, kuma duk taran a wuri ɗaya ta tsaya. Ya ce, "Ban taɓa ganin mai kuskure da tsari haka ba."

Na ce ya danna mini sautin da waƙar ke farawa da shi. Ya danna. Na ce ya ƙara. Na rufe ido na haɗiye shi, na riƙe shi a kai kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. A mota ban yi wa kowa magana ba, har kwandasta ya tambaye ni ko lafiya. Ina ta "mmm" a hanci daga Samaru har Chikaji don kada ya zube.

Ina shiga gida ban ko cire mayafi ba na wuce ɗaki. Gaskiya ban san abin da nake nema ba. Kawai dai raina ya ba ni cewa abu ɗaya ne muka bari a gida ranar nan. Na ɗauke faifan, na ɗauki soso, na buga tulu.

Ba su haɗu ba. Sautin da na ɗauko daga Samaru yana sama, tulun yana ƙasa da shi da ɗan kaɗan, kaurin silin gashi. Na sake bugawa sau uku, yadda na saba, sai na ji a cikin kaina wannan "mmm" ɗin na Yaya ya zo ya kwanta a kan ƙarar tulun ba ko tazara. Na zauna a bakin gado. Ashe duk shekarun nan ba shiru nake sa mata su yi ba. Murya nake miƙa wa Yaya, tana karɓa. Mu masu amshi duk abin da aka kunna mana shi muke bi. Ita kuwa tun tana yarinya a gindin uwarta wannan tulun take ji, ya zauna mata a kai, ko an ɗora mata kiɗan duniya a kunne shi take bi. A coci kuma in mata za su yi waƙa, matasa kashe kibod ɗinsu suke yi, shi ya sa ba a taɓa haɗa su an ji ba.

Na kira 'yata na ce ta biyo bayan an tashi makaranta. Tana da kiɗan a wayarta, don Malam ya tura mata ta riƙa gwaji. Na ce ta kunna, na buga tulu. Ta ce ita ba ta ji komai ba. Na ce ta sa kunne a bakin tulun. Na sake bugawa. Ta ɗago a hankali ta ce, "Kamar suna gogar juna."

Na gaya mata abin da na gano. Ta riƙa juya wayar a hannu. Can ta ce, "Mama, kwana huɗu ina haddace waƙoƙin nan. Har na gaya wa malaman makarantarmu."

Na ce, "Na sani."

"Ko dai ba kya so in yi ne?"

Maganar ta soke ni, don da ta shiga ɗakin gilashin nan ba wanda ya kai ni jin daɗi. Na ce, "Ina so, Allah ya sani. In da muryar gwaggonki ta ƙare ne, ni zan fara cewa ki karɓa. Amma ba ta ƙare ba. Mu muka bar mata kayan aikinta a gida, muka ce ta kasa. Ke kina da shekaru a gaba, ita bayan Kirsimeti za a tafi da ita." Ta tashi ta zagaya tulun tana dubansa, sannan ta ce, "To yaya za a yi wannan ƙaton ya hau bene?"

Ranar da aka sa muka ɗauki shatar keke mai ƙafa uku. Muka naɗe tulun da bargo da tsohuwar katifar jikana, muka ɗaure da igiyar shanya. Mai keken ya ce, "Hajiya, mara lafiya ne?" Na ce, "Ya fi mara lafiya, in ka faɗa rami da shi ni da kai ne." 'Yata ta rungume shi a cinya, ni ina tallafe da gindinsa. Duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai da na yi addu'a a kansa. Muka tsaya a Palladan.

Yaya na zaune a ƙofar ɗaki da zanen gida. Na ce ta tashi mu je. Ta ce, "Amarya, ki ƙyale ni. Lemon da ya kwana a buɗe wa zai sha?" Ban yi mata dogon bayani ba, don na san halinta, in ka ja ta ta nan sai ta yi can. Na ce, "Ba ke na zo ɗauka ba. Tulun Inna ne zai hau bene a Samaru, na ce ko za ki so ki ga yadda za a yi da shi." Ta miƙe tsaye. "Tulun Inna? A keke? Kun haukace ne?" Ta leƙa waje ta gan shi a naɗe kamar jariri. Ta ce ba za ta bar mu mu kashe shi mu kaɗai ba. Na zaro zanenta daga jakata na miƙa mata. Ta harare ni, ta karɓa.

Mutum huɗu suka hau da shi, Yaya na bayansu tana ba da umarni a kowace matakala. Malam ya ga an shigo da shi ya riƙe baki. Na ce, "Malam, kafin a yi komai, auna mini wannan da na'urarka." Ya kawo makirfo bakin tulun, na buga. Ya dubi kwamfuta, ya ce in ƙara. Ya danna kibod, ya danna na kusa da shi, ya dawo. Sai ya kwashe da dariya har da buga cinya. Ya ce tulun nan ba ya kan kowace matakala tasa, a tsakanin biyu yake zaune. Ya ce shi da ya saurari waƙarmu a waya sai ya ɗauki matakalar da ta fi kusa, ta sama, yana ganin ai duk ɗaya ne. Ya juya wurin Yaya ya ɗan rusuna ya ce, "Mama, ki yafe mini. Ke kina daidai da abinki. Ni ne na kawo miki baƙo."

Yaya ta ce, "Ni fa ban gane ba. Na yi filat ko ban yi ba?"

Ya ce, "In an auna ki da kibod, kin yi. In an auna kibod da tulu, shi ne ya yi shaf."

Ta ce, "To ku dai kuka sani."

Sai ya kawo shawara. Ya ce abu mai sauƙi, a zuba ruwa kaɗan a tulun, sautinsa zai hau ya tarar da kibod. Ni na san gaskiya ya faɗa, ai da haka nake gane bokiti ya cika. Amma Yaya ta dafa bakin tulun da hannu biyu. Ta ce tun ranar da Inna ta fito da shi daga wuta ko ɗigo bai taɓa shiga cikinsa ba, tulun kiɗa ba ya shan ruwa, in ya sha muryarsa ba ta komawa yadda take. Ta nuna kibod da haɓa ta ce, "Ɗana, tsakanin wannan abin naka da tulun nan, wa ya girmi wani?"

Ya ce, "Tulu, Mama."

"To wa ya kamata ya taso ya gaida wani?"

Mata suka fashe da dariya. Malam ya sosa gemu ya ce akwai yadda ake yi, sai dai bai taɓa buƙatarsa ba. Ya shiga lalube cikin na'urar, ina bugawa yana saukar da kiɗan kaɗan-kaɗan. Ya ce in gaya masa in sun haɗu, don ya ga alama kunnena ya fi allonsa sauri. Gogar nan da 'yata ta ji tana raguwa, tana raguwa, har ta ɗauke ɗif. Na ce, "Tsaya nan." Ya duba ya ce nan ne.

Tulun bai shiga ɗakin gilashi ba, sai aka bar ƙofar a buɗe, na zauna a bakinta inda Yaya za ta gan ni. Ta ƙi abin kunnen, ta ce yana matse mata ɗankwali, aka sa mata a kunne ɗaya. Na buga sau uku. Ta yi "mmm". Ta ɗaga waƙa.

Sau ɗaya aka yi. Malam bai tsayar ba har ƙarshe. Da aka gama ya juyo mini da kwamfutar. Layi ɗaya na gani. Na ce ina ɗayan? Ya ce yana ƙarƙashinsa, sun hau juna.

Mu masu amshi sai da muka sake namu gaba ɗaya, tunda wancan a kan tsohon kiɗan muka yi. Ba wadda ta yi ƙorafi sai mai maganar lemo, ita ma Yaya ta ce mata ta buɗe baki da kyau kada gas ya fice. Da aka zo waƙa ta ƙarshe Yaya ta fito ta kamo hannun 'yata ta ce wannan 'yata ce za ta ba da ita. 'Yata ta nufi abin kunne, Yaya ta ce, "A'a. Zo nan tukuna." Ta durƙusar da ita a gaban tulun ta ce in buga. Ta ce, "Kada ki saurare shi da kunne, 'yar boko. Bari ya shiga ƙirjinki, sannan ki nemo shi a maƙogwaro." Sai a bugu na huɗu 'yata ta samu. Yaya ta ce kafin ta tafi, kowace Alhamis su haɗu a gidana, don tulu ba zai sake hawa keke ba.

Da Malam yana gyara aikin ya kira ni a waya. Ya ce a farkon kowace waƙa akwai bugu uku da wani ɗan gurnani na Mama, su a aikinsu irin wannan "noyis" suke ce masa, wato hayaniyar da ba a so, yankewa ake yi. Zai yanke. Na ce ita ma kalmar zan ajiye ta tare da sauran, amma kada ya taɓa wurin.

Yaya ta tafi bayan Kirsimeti kamar yadda aka shirya. Waƙoƙin suna wayar kusan kowace mace a zumuntarmu, har wasu coci-coci sun karɓa. In na kunna ina tsince shinkafa, abin da ke fara fitowa bugu uku ne, sai "mmm" ɗinta, sannan waƙa. Ranar Lahadi kuma 'yata ce ke tsayawa inda Yaya ke tsayawa. Nakan buga mata ukun a hankali, in jira har sai na ji ta samu.